Hannun Daman Yaya

Ni mai ƙunshi ce. Tun ina budurwa nake zana wa amare lalle a Jidda, daga lungunan Karantina inda aka haife ni har manyan gidajen da sai an turo mota ta ɗauke ni. Sana'ar ta ɓata ni ta wani gefe, domin kafin in kalli fuskar mutum na riga na kalli hannunsa. Ina gane matar da ke wanke-wanke a gidan wasu ko ta cika yatsunta da zobba, ina gane mai cizon farce, ina gane wadda ta saba da keken ɗinki. Inna takan ce tun ina goye nake da bin ƙwaƙƙwafi, wai ko nono nake sha idona yana kan abin da ke hannun maƙwabciya. Duk da wannan, hannun da ya fi kusa da ni, na yayana da muke ciki ɗaya, shi ne ya daɗe yana wasa da hankalina ban gane ba.

Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Babanmu ne ya ƙarasa tafiyar. Ya sauka ta tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya sauke farali, bai koma ba har Allah ya karɓi ransa. A gefen wannan tashar Yaya ya sami aiki da ya girma, a wani sito da ake sauke buhunan shinkafa da sukari. Ni da Yaya a nan aka haife mu, amma da iƙama muke zaune, takardar izinin zama da ake sabuntawa. Ta Yaya tana ɗaure da kafilinsa, wato mai siton da ya tsaya masa. Inna da matar Yaya da 'ya'yansa kuma duk a jikin tasa suke rataye. Ni tawa tana wajen mijina, shi ya sa nake da bakin magana fiye da kowa a gidan.

Wata rana katakon da ake jibga buhuna a kai ya zame ya danne wa Yaya hannun dama. Aka yi masa aiki a asibiti, aka ɗinke, ya yi watanni a gida yana gundurar kowa da gyaran abin da bai lalace ba. Da aka kwance bandejin sai ga tabo ya taso daga wuyan hannu ya ratsa tafin. Yatsun suna motsi, amma da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Can sai ga saƙo a wayarsa daga ofishin inshorar ma'aikata, wai ya bayyana gaban lajna, wato kwamitin likitoci, su duba hannun.

Ya kamata in bayyana abin da likitan hukuma yake nufi a gida irin namu, in ba haka ba za a ɗauke mu mahaukata. Mu mun tashi mun tarar ana zuwa gabansa ne a ci jarrabawa. Za a ɗauke ka aiki, sai gwaji. Za a yi wa baƙo iƙama, sai gwaji, a ɗebi jini a ɗauki hoton ƙirji. Muna yara muke jin labarin wane da aka samu da ciwo aka ce bai dace da aiki ba, ya tattara ya bar ƙasar. Yaya bai taɓa kwana a Sudan ba, a bakin Inna kawai ya san ta. Saboda haka da saƙon ya zo ba wanda ya tsaya tambayar me lajnar take nema. Mun riga mun sani, a ganinmu: so suke su gani ko har yanzu yana da amfani.

Muka ɗaura ɗamara. Inna ta riƙa dafa ruwa da gishiri safe da yamma yana tsoma hannun. Ni na riƙa murza masa yatsun da man zafi, ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe yana zagina cikin wasa. Na ba shi lemon tsami ya riƙa matsawa, muna ihu in ya riƙe bai saki ba. Mun lura cewa in hannun ya sha ruwan zafi yakan yi biyayya na ɗan lokaci kafin ya sake sandarewa. Ranar lajnar, ya sha maganin ciwo, ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, ya fesa turare, hannun yana cikin kwano har sai da mai tasi ya yi oda a waje. Inna ta naɗe masa shi da tawul mai ɗumi, ta tofa addu'a.

Ya dawo yana washe baki tun daga bakin lungu.

"Sun ce in dunƙule, na dunƙule," in ji shi. "Sun ce in ɗaga, na ɗaga. Babban ya ce akwai ciwo? Na ce alhamdu lillahi, ya daktor, ma fi shai, ba komai. Halas, shi ke nan!"

Da hukuncin ya fito, aka ce nakasar kaɗan ce, zai iya ci gaba da aikinsa. Aka haɗa masa da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, mu kuwa muka ɗauke shi kyauta a kan nasara. Inna ta soya ƙosai ta raba wa maƙwabta sadaka. A ƙasan saƙon akwai wani layi da ya ce wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da aka ɗiba. Yaya ya karanta mana shi da ƙarfi, da muryar masu karanta labarai, muka yi ta dariya. Wane ne zai ci jarrabawa ya koma ya ce a sake masa?

Bayan wannan sai rusau ya zo Karantina. Aka shafa jan fenti a bangayenmu, kowa ya shiga neman inda zai sa kansa. Muka sami haya a wajen Kurayyat, ni da mijina a sama, su Inna da Yaya a ƙasa. A watannin nan ba wanda ke kallon hannun wani. Na dai tuna ranar kwashe kaya Yaya ya tsaya yana ba da umarni, a ɗauki wannan a ajiye wancan, na ce masa ashe rusau ma yana naɗa sarauta. Ya yi dariya bai taɓa ko kujera ba.

Sai da muka natsu na fara lura da azumin.

Mutanen tsohuwar unguwarmu sun watsu, amma dattawa suka tsiri haɗuwa ranar Juma'a bayan masallaci, yau a gidan wannan, wani mako a gidan wancan, a ci shinkafa da nama a faranti ɗaya. Da, Yaya ne mai fara naɗe hannun riga. Yanzu sai ya zauna gefe ya ce yana azumi. Ya fara da Litinin da Alhamis, kowa ya ce madalla. Daga nan Talata ta shigo, Asabar ta biyo. Da Juma'a ta shiga lissafi, wani dattijo abokin babanmu ya ce masa ai ba a ware Juma'a da azumi ita kaɗai, Yaya ya ce ramuwa yake yi. Inna kuwa baki har kunne.

"Yayanki tun da ya ji ciwon nan Allah ya buɗe masa zuciya," ta ce da ni. "Ke ma da kin yi koyi."

Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Na san Yaya. Mutum ne da in Ramadan ya zo tun azahar yake fara zagaya kicin yana tambayar me za a yi buɗa-baki da shi. Waliccin nan na rana ɗaya bai kwanta mini ba, sai na shiga kallonsa yadda nake kallon masu zuwa ƙunshi. Na ga carbinsa ya koma hagu. Na ga in za a gaisa sai ya dafa ƙirji ya ɗan sunkuya, yadda aka saba lokacin annoba, alhali kowa ya daɗe da komawa musafaha. Hannun daman kullum yana cikin aljihun jallabiya. Wuyansa ya rame, kuma in ya tashi daga zaune sai ya dafe ƙugu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wata Talata da ya ce yana azumi na hango maiƙo a bakin hannun rigarsa na hagu, sabo, ga ƙamshin albasa.

Ba tausayi ne ya fara kama ni ba, gaskiya. Son sani ne. Na ƙudura sai na kama shi.

Wata yamma bayan la'asar na sauko aron rariyar tace lalle. Matar Yaya tana tsaye a ƙofar kicin ta tokare, tana ce mini bari ta ɗauko mini, bari ta ɗauko mini. Na kauce ta ƙarƙashin hannunta na shige. Ga Yaya a tsaye gaban murhu, ya juya baya, yana cusa shinkafa da hannun hagu daga cikin tukunya, da sauri kamar ɓarawo.

"Allah ya karɓi ibada, Yaya," na ce.

Ya ƙware. Matarsa ta ba shi ruwa, ta fita ta ja mana ƙofa.

"Auta, wallahi in kika faɗa wa Inna…"

"Kawo hannun."

"Wane hannu? Yalla, ɗauki rariyarki ki tafi."

Na sa hannu a aljihunsa na zaro shi da kaina. Na riƙe hannaye da yawa a rayuwata, ban taɓa riƙe wanda ya sa gabana ya faɗi kamar wannan ba. Sanyi ƙalau yake a cikin zafin Jidda. Naman gindin babban yatsa ya zube, wurin ya yi rami. Ƙananan yatsu biyu sun lanƙwashe ciki sun ƙi miƙewa, sauran sun miƙe sun ƙi lanƙwashewa. Na ɗauki lemon tsami a kan tebur na ɗora masa a tafi, na ce riƙe. Lemon ya gangara ya faɗi ƙasa, muka bi shi da kallo har ya shige ƙarƙashin firji.

A nan ya faɗa mini komai, yana kallon bango. Ba zai iya kai loma baki da dama ba, kuma ya rantse ba zai ci da hagu a gaban mutane ba, shi da babanmu ya taɓa buge wa hannu a kan haka yana yaro. Ya gwammace a ce masa waliyyi. A wurin aiki abokansa ne ke rufa masa asiri, suna ɗora masa buhu a kafaɗa yana tallafewa da hagu, shi ya sa bayansa ya fara ciwo. Kafilin ya gane. Mutumin kirki ne, in ji Yaya, ya ce zai mayar da shi bakin ƙofa ya riƙa buɗe wa motoci, iƙamarsa ta ci gaba a hannunsa. Sai dai albashin bakin ƙofa ba zai riƙe hayar Kurayyat da bakuna shida ba. Shi ya sa yake ta ɗaukar buhu da rabin jiki, yana jiran ranar da bayan zai ce ya gaji.

Na hau sama na yi kuka, na kuma ji haushinsa, na rasa wanne ya fi yawa.

Wadda ta buɗe mini ido wata nas ce 'yar Najeriya, Bakanuwa, da ke aikin kwantiragi a wani asibiti. Takan zo mini ƙunshin Sallah. Kullum sai ta yi wa Hausata dariya, wai rabinta Larabci ce, ni kuma in ce tata rabinta Turanci ce. Amfanin sana'ata shi ne in ka zana wa mace hannu biyu ba ta da inda za ta je sai ya bushe. Na jira ta baje yatsu, sannan na ba ta labarin tun daga ruwan zafi har ƙosan sadaka. Na zaci za ta jinjina mana. Sai ta buɗe baki ta kalle ni, ta fashe da dariya har ta kusa goge zanen a zaninta.

"Ku tsaya, ku tsaya. Kun jiƙa masa hannu a ruwan zafi don ya motsa? Kafin ya shiga?"

"To da me za mu yi?"

"Baiwar Allah, wannan kwamitin ai ba na kora ba ne. Inshora ce. Aunawa suke yi su ga abin da ciwon ya rage masa, su biya shi daidai. Ana zuwa musu ne da ciwo yadda yake. Ku kun je kun ɓoye musu abin da suka zo nema."

Ta daina dariya da ta ga fuskata. Ta ce likitocin ba su yi laifi ba, abin da aka nuna musu suka rubuta. Ta ce mu yi apil, mu ɗaukaka ƙara. Na ce wa'adin ya wuce tun muna Karantina. Ta kalli lallenta, sannan ta ce ta ji ana karɓa wani lokaci in mutum ya kawo uzuri mai ƙarfi na abin da ya hana shi zuwa da wuri, amma ita ba fanninta ba ne, mu je mu tambaya.

Daga ranar gidanmu ya koma kasuwar uzuri. Dole aka faɗa wa Inna, ta kuwa tsaya kai da fata ba za a je ba. A ganinta Allah ya rufa mana asiri sau ɗaya, za mu je mu tona da hannunmu. "Ka koma ka ce musu ba ka da lafiya? Ka kai kanka?" Na yi ta mata bayani, tana cewa ta ji, amma na san ba ta yarda ba. Shekarun da ta yi tana tsoron takarda sun fi ƙarfin bayanina.

Akwai masu bin takardu da ke zama kusa da ofisoshi, suna rubuta wa mutane koke. Na je wajen ɗaya. Bai bari na gama ba ya ce mu rubuta rusau, an rushe mana gida hankali ya tashi, ba wanda zai musa. Na dawo da murna. Yaya ya saurara, ya girgiza kai.

"Wa'adin ya ƙare kafin a shafa mana jan fenti. Ba zan yi ƙarya ba."

"Kai? Kai da ka yi wata da watanni kana ƙaryar azumi?"

"Wancan tsakanina da cikina ne. Wannan haƙƙi ne zan karɓa in ciyar da yara."

"To me za mu ce ya hana mu?"

"Abin da ya hana mu."

Na daɗe ina juya maganar. Na yi tunanin uzurin da mutane ke kaiwa: jinya, tafiya, rasuwa, saƙon da bai iso ba. Dukansu suna cewa ne mun so mu zo wani abu ya tare mu. Mu ba abin da ya tare mu. Saƙo ya iso, mun karanta, mun fahimci kowace kalma, muna cin ƙosai wa'adin ya zo ya wuce ta gabanmu. Na so ƙwarai in ga fuskar wanda za a kai wa wannan a matsayin uzuri. Ina jin da Yaya ya ce kada in bi shi ma, sai na bi.

Dole ma in bi shi, domin ni ce mai rubutu tun da hannun ya daina riƙe biro. Muka je ofishin inshorar da safe, muka karɓi lamba, muka zauna. Da aka kira mu sai muka tarar da wani ma'aikaci mai furfura a gemu, ya ɗora tabarau a kan hanci. Ya duba na'urarsa, ya ce da Larabci ƙofar ƙara ta rufe tuntuni, me ya hana mu zuwa a kan lokaci?

Larabcin Yaya ya fi Hausarsa gudu, amma ranar sai da ya yi ta laluben kalma.

"Ya ustaz, mun ɗauka mun ci ne."

"Kun ci me?"

"Gwajin."

Mutumin ya kalle ni, ko ni zan fi hankali. Sai na kwashe komai na faɗa masa: kwanon ruwan zafi, lemon tsami, tawul, mai tasi yana oda. Na faɗa masa abin da likitan hukuma yake nufi a gidanmu tun kafin a haife ni. Ina magana ina kallon hannunsa, don na san a nan zan ga gaskiya. Da farko yana juya biro a tsakanin yatsu. Da na kai ga sadakar ƙosai sai biron ya tsaya. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ya daɗe a kujerar nan, ya ga masu ƙara wa ciwonsu gishiri iri-iri, bai taɓa ganin wanda ya yi wahala haka don ya rage wa kansa ba. Amma, in ji shi, rashin sani ba kasafai ake karɓarsa uzuri ba, kuma shi ba shi ke yanke hukunci ba. Abin da ke rubuce a gabansa shi ne hannu yana dunƙulewa, yana ɗagawa, ba ciwo.

Duk wannan lokacin hannun Yaya yana cikin aljihu.

Ana cikin haka mai zagayawa da gahawa ya shigo, butar a hagunsa, ƙananan kofuna a damansa. Ya zuba wa ma'aikacin, ya juyo ya miƙa wa Yaya. A ƙasar nan ba a karɓar gahawa da hagu, yaro ma ya san wannan. Na ga leɓen Yaya ya fara haɗa kalmar da ya saba, yana azumi.  Na dai juya na zuba masa ido, irin kallon da nake yi masa muna yara in zai yi wa Inna ƙarya.

Ya rufe bakin. Ya zaro hannun daga aljihu a hankali, ya miƙa. Mai gahawar ya ɗora masa kofin tsakanin yatsu ya saki. Yatsun ba su rufe ba. Kofin ya sulluɓe ya bugi gefen tebur, gahawar ta fantsama a farar jallabiyar, kofin ya gangara ƙasa yana ƙara.  Yaya bai mayar da hannun aljihu ba. Ya bar shi a kan tebur, a buɗe, kunnuwansa kamar za su yi jini don kunya.

Ma'aikacin ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce wa mai gahawar ya sake zubawa, ya karɓa da kansa ya ajiye a gaban Yaya ta ɓangaren hagu. Ya juyo gare ni ya ce in rubuta abin da na faɗa masa yadda na faɗa, kada in gyara, kada in ƙara. Zai haɗa da buƙatar a sake duba hannun, tun da abin da ke kan tebur ba shi ne abin da ke cikin na'ura ba. Ya ce bai yi mana alkawarin komai ba.

"Amma in an kira ka," ya ce wa Yaya, "ka zo musu da hannun nan yadda ya kwana."

A mota na tambayi Yaya ko da gangan ya yi. Ya ce gahawar ce ta yi masa ƙamshi. Na sake tambayarsa sau da yawa bayan nan, har yau amsar ba ta canza ba, ni kuma har yau ban san gaskiyar ba.

Muka yi ta jira har na fara cire rai. Sannan saƙo ya zo, an amince a sake dubawa. Ranar da za a je na sauko da sassafe, na tarar da Inna a kicin ta ɗora ruwa a wuta, ga kwanon nan na da a gefe, ga gishiri, ga tawul a kafaɗarta. Ta san bayanin, ta ji shi ya fi a ƙirga, amma hannunta ya riga ta. Yaya ya shigo ya tsaya yana kallonta.

"Inna, yau ba za a jiƙa ba."

"Ko kaɗan? Don dai ya ɗan saki?"

"Ko kaɗan, Inna."

Ta tsaya da butar a hannu ta rasa inda za ta kai ta. Daga baya ta jawo ganyen shayi ta zuba, ta haɗa mana, muka sha a tsaye. Ta raka shi har bakin ƙofa ta tofa masa addu'a, sai dai na ji ta tana inda-inda, ta rasa me za ta roƙa.

Ya dawo bayan azahar ba dariya. Ya zauna a gabanta ya ce, "Na faɗi, Inna. Sun ce in dunƙule, na kasa." Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ranar da katakon ya danne shi. Ina jin a ranar ne ta yarda hannun ɗanta ya tafi. Hukuncin da ya biyo baya ya amsa cewa nakasar babba ce, abin da aka ba shi kuma ya isa ya cike giɓin da yake tsoro. Ya ajiye buhu, ya koma bakin ƙofa yana buɗe wa motoci, iƙamarsa tana nan. Wannan karon Inna ba ta soya ƙosai ba, ta ce ba ta san me za ta ce wa maƙwabta ba.

Juma'ar da layin abinci ya zo gidanmu, na laɓe a bayan labulen kicin, don ba zan iya haƙuri ba. Aka shimfiɗa leda, aka ajiye faranti, dattawa suka matso. Yaya ya tsaya a gefe inda ya saba zama da azuminsa. Sai na ga ya wuce wajen buta, ya sa ɗansa ya zuba masa ruwa a hannun hagu. Ya zo ya durƙusa a cikinsu, ya ɗora na daman a kan cinya inda kowa zai gani, ya yi bisimilla.

Ba wanda ya ɗago kai. Dattijon nan abokin babanmu ya sa yatsa ya juya farantin a hankali, har ɓangaren naman ya dawo hagun Yaya, ya ci gaba da maganar da yake yi a kan tsadar haya. Yaya ya ci, ya ƙara, shi ne na ƙarshen tashi.